Shekarar da Kazar Roba Ta Yi Shiru

Jiya ɗaya daga cikinku, doguwar nan mai tabarau, ta ɗauki kazar roba ta matsa mata ciki, yara suka kwashe da dariya, ta juya ta ce wa ƙawarta ashe aikin Inna Tasalla ba shi da wuya. Na ji ta sarai. Kunnen hagu ne ya mutu, na dama yana nan da ransa. To tunda an turo ku makarantar nan ku koyi aikin laburare, ni kuwa alƙalami bai san hannuna ba, na ce Malama Rabi ta zauna ta rubuta abin da zan faɗa, ku karanta da kanku, ku da kuka yi boko.

Matsa kaza ba aiki ba ne. Akuya ma in ta taka ta, za ta yi kuka. Aikin shi ne ki damƙa wa ƙaramin yaro abin da ke ƙara, ya riƙe a hannu, yatsunsa na masa ƙaiƙayi, amma ya ƙi matsawa sai labari ya iso inda kaza za ta yi magana. Ranar da kika iya haka da yara cike da ɗaki, ki zo mu gaisa a matsayin abokan sana'a.

A Tsaskiya na koyi baki, wurin kakata ta wajen uwa. Ita tana kaɗi, mu muna ɓarar gyaɗa. Ba ta taɓa cewa zo in koya miki ba. Sai ta kai tatsuniya tsakiya, ta dafe kunci ta ce haƙori ya motsa, Tasalla ƙarasa musu. In na ƙarasa daidai ta yi shiru, shirun nan shi ne ladana. In na ɓata, mazari ya sauka a tsakar kaina. A haka na gane muryar kura daga ciki take tasowa, ta zomo daga hanci, kuma mai ba da labari ba ta riga masu sauraro dariya. In kin ga yaro ya fara hamma, ki yi maza ki kashe wani a cikin labarin, ko da bai yi laifin komai ba. Sai da na girma na tuna tsohuwar nan ba ta da haƙori ko ɗaya.

Aure ya kawo ni Batsari. Da maigidana ya rasu na koma sayar da ɗanwake a ƙofar wannan makaranta, kuma bakina bai iya zama haka nan ba. Yara su fito tara, su sayi ɗanwake, in ɗora musu labari kyauta, a buga ƙarfen komawa aji, ba mai motsi. Hedimasta, Malam Lawal, ya fito da kansa zai tashe ni. Mutumin kirki ne, sai dai Allah ya haɗa shi da ciwon kai. Malama Rabi ce ta tare shi. Lokacin ba a daɗe da turo ta daga Katsina ba, an ba ta makullin wani ɗaki mai littattafai wanda ba mai shiga sai ƙadangaru. Ta ce maimakon a kori tsohuwar, a shigo da ita ciki, yara su biyo ta su ga takarda ko da ba su yi niyya ba.

Na ce na yarda, amma da sharaɗi. Mu a wurinmu ba a tatsuniya da rana, wanda ya yi zai ɓata a kasuwa. Maganin abin guda ne: mai ba da labarin ta tsige gashin idonta ɗaya ta hure shi kafin ta buɗe baki. Malama ta yi dariya ta ce camfi ne. Na ce camfi ne, amma idon nawa ne. Tun daga ranar kullum sai na tsige. Ku dubi fatar idona in mun haɗu, kamar kazar da aka fige. Ba ciwo ba ne, sana'a ce. Kuma ban taɓa ɓata a kasuwar Batsari ba sai sau ɗaya, shi ma don an tashi 'yan tumatir daga inda na san su.

Ranar da kwalin kayan wasan ya iso, ina zaune a kan tabarmata ina jin kaina sarauniya. Malama ta sauko daga motar Katsina da shi a ka, ta zazzage a gabana. Ga kazar roba mai dogon wuya, jan baki a hangame. Ga usur, ga caki, ga wani kwaɗon ƙarfe da in an danna bayansa yake ƙwas-ƙwas. Da wani gwangwani mai ramuka a ka, wanda in kin kife shi kin mayar, sai ya ɗan yi tunani, sannan ya yi kukan saniya. Ta ce yara za su riƙa yin muryar dabbobi da su ina ba da labari. Na ce mata ni da nake kukan kura karnukan unguwa su amsa, ni za a haɗa da roba? Ta ce a gwada. Na tattara ƙirji na yi kukan kaza mai neman wurin ƙwai, irin wanda daga Batsari har Safana ba mai yin kamarsa. Yara suka gyaɗa kai cikin ladabi. Malama ta matsa robar nan, ta saki wani ihu kamar matar da aka sace wa tukunya a kan wuta. Yara suka zube ƙasa, har da masu hawaye.

Na naɗe tabarmata na tafi gida, na aika cewa gwiwa ta tashi. Na zauna ina jiran a zo biko. Ba wanda ya zo. Malama, rubuta haka, kada ki gyara. Da na ji labarin tana karanta musu littafi ita da kazar, kuma ɗaki na cika, gwiwar ta warke da kanta.

Sai na zauna na koyi kayan kamar yadda mai tuwo ke koyon sabuwar tukunya. Ba a raba su da ka. Gwangwanin saniya na mai haƙuri ne, don sai an jira shi, kuma in ya fara ba a iya tsayar da shi. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa. Usur ba ya zuwa layin baya, inda idona bai kai ba. Kaza kuwa ta wanda ya fi kowa ƙiriniya ce. Ki zaunar da shi dab da ƙafarki, ki ce masa labarin duka a hannunsa yake, in ya matsa kafin lokaci kaza ta mutu. Za ki ga yaron da malamai suka gaza da shi ya zauna kamar limami. Duk abin da ke shiga baki a wanke shi da ruwan zafi da gishiri, kada majinar wani ta zama ta kowa. Kada a bar roba a taga, rana na fasa ta.

Akwai ranar da labari ya yi mini daɗi a baki, na bi kura na manta da kwaɗo. Na rufe tatsuniya, kowa ya tashi, sai ga wata 'yar aji ɗaya zaune, babban yatsa a kan bayan kwaɗo, tana jiran in nuna ta. Da ta gane an gama ta ɓare baki, har uwarta ta biyo ni gida da yamma tana tambayar me ɗiyarta ta yi mini. Tun daga ranar duk abin da na raba sai na buɗe masa ƙofa a cikin labari. Kwaɗo ya je aikin hajji a bakina, ya yi dillancin raƙumi, ya raba gado. In na gama, Malama ta buɗe littafi mai hoton dabbar, mai kwaɗo ya nemo inda aka rubuta kwaɗo, mai saniya ya nemo saniya. Da haka 'ya'yan mutane da yawa suka fara karatu a gaban matar da har yau ba ta bambance rubutun sunanta da na jaki.

Ofishin Hedimasta bango ɗaya ne da mu. Duk ranar labari sai mun ji yana buga bangon da dastar goge allo. In abin ya ishe shi ya zagayo ya tsaya a ƙofa, hannu a goshi, ya ce don Allah Inna Tasalla wace irin hayaniya ce wannan, mutane na aiki. Mu ba shi haƙuri, ya tafi, mu ɗora. Shekaru muka yi a haka.

Sai shekarar da 'yan bindiga, waɗanda muke kira mutanen daji, suka matsa wa ƙauyuka. Cikin bazara jama'a suka fara kwararowa daga wajen Runka da ƙauyukan bakin daji, wasu a akori-kura, wasu a babur, yawanci a ƙafa, mata da yara da tsofaffi. Aka sauke su a azuzuwanmu. Aka fito da bencina aka tara su gindin itacen bedi a tsakar makaranta. 'Yan gari aka mai da su wata makaranta, laburare kaɗai ya rage a hannunmu. Malama ta ce to yaran da ke kwance a azuzuwa fa, ba yara ba ne? Ta bi aji-aji ta tattaro su.

A cikin waɗanda suka zo har da Kande, taubashiyata, 'yar ƙanin uwata, wadda aure ya kai Runka. Ita 'yar namiji ce, ni 'yar mace, saboda haka tun muna tsirara take kirana baiwarta. Ta iso ba ta da komai sai zanen jikinta da jikoki, amma da ta gan ni abin da ta fara tambaya shi ne wa ya cinye mini gashin ido.

Ranar farko da yaran Runka suka zauna a gabana na raba musu kaya, na ga abin da ban taɓa gani ba. Ba wanda ya matsa, ba wanda ya busa, ba mai ko tari. Kowa ya rungume nasa a ƙirji kamar jariri. Na fita na cika gari da baki. Na gaya wa masu ɗanwake, na gaya wa matan unguwa, cewa a ƙarshe Allah ya ba ni 'ya'yan mutane masu tarbiyya, ba irin na cikin gari da talabijin ta lalata ba. Har na ce kwarjinina ne.

Abin da ban sa a cikin cika bakin ba shi ne, labarin bai tafi ba. Na yi buɗewar tatsuniya, inda ake amsa wa mai labari a ba ta izini, sai leɓuna suka motsa ba sauti. Na iso wurin kaza na nuna mai kaza, ta dube ni ta dubi ƙofa. Tatsuniyar da ba a amsawa kuwa, daka ne kike yi ba hatsi a turmi. Na ce kunyar baƙunta ce, za ta wuce.

Ba ta wuce ba, sai ma kayan suka fara mutuwa. Kaza ce ta fara. Wata safiya na ce bari in nuna musu da kaina, na matsa, sai iska ta fito, fuu, kamar tsohuwa ta zauna. Washegari usur ya ƙi. Caki a girgiza shi, shiru. Kwaɗo ya daina ƙwas. Saniya a kife ta a mayar, ta yi tunaninta ta fasa magana. Na zagi waɗanda suka ƙera su. Na ce wa Malama araha ta bi ta sayo mana gawa, ita kuwa lokacin ba ta da ta kanta, tana can wajen rabon abinci da kai masu ciwo asibiti. Na zargi ɓeraye. Daga baya na ce ko wata rana na manta ban tsige gashin ido ba ne, abin ya faɗa kan kaya, na koma tsige bibbiyu. Duk wannan bincike, bai taɓa zo mini in leƙa maƙogwaron kazar ba. Ni mai baki ce, ba mai ido ba.

Ana cikin haka Hedimasta ya shigo, ba hannu a goshi. Ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gwiwa, ya tambayi jikoki, na san da magana. Ya ce bencinan da ke gindin bedi kullum raguwa suke, mata na ɓalle ƙafafunsu suna hura wuta, kuma ba ya ganin laifinsu. Ga damina ta ƙarato. Ranar da ruwan farko ya sauka za a kwashe su a zuba a laburare, a ɗaure littattafai a kwali, sai Allah ya kawo sauƙi. Na ce ranka ya daɗe, ɗakin cike yake da yara kullum.

"Inna, bango ɗaya muke," in ji shi. "Na san yadda ɗaki mai yara yake. Tun zuwan baƙin nan ban sha maganin ciwon kai ba. In zaman shiru ne, ai suna iya yinsa a aji."

Da ya fita Malama ta ce ta san wani laburare a wajen Safana da aka zuba wa bencina na ɗan lokaci, har yau gara ce ke karatu a ciki.

Ɗakin nan shi ne gonata, shi ne kasuwata. Na ce ba za a rufe shi ina numfashi ba, kuma tunda roba ta ci amanata zan koma ga abin da Allah ya ba ni. Na yi kukan kura har ɗankwalina ya faɗi. Na kifa ƙwarya a baya na yi tafiyar kunkuru da rarrafe, mace mai jikoki. Duk sanda na ɗaga murya, idanun yaran nan sai su bar ni su koma ƙofa. Wata 'yar siririya, Lami, jikar Kande, ita nake ba kaza, ta jawo bakin zanena ta ce cikin raɗa, "Inna, a hankali." Na ce Allah ya yi miki albarka. Na ɗauka gwiwata take tausayi.

Da dabara ta ƙare na ɗauki kazar da la'asar na tafi ajin da aka sauke su Kande, don in sami wanda zan yi wa mita. Na same ta a baranda tana tsince wake. Na jefa mata kazar a cinya na ce ga kayan zamani, ba a je ko'ina ba sun mace. Ta juya ta, ta ɗaga ta wajen haske, ta leƙa bakin. Ta zare tsinke daga tsintsiya ta zura, ta jawo wani ƙyalle siriri, shuɗi mai ɗigon fari, ta yi ta ja kamar ana zare hanji. Ta shimfiɗa shi a gwiwa ta daɗe tana dubansa.

"Bakin zanen Lami ne," in ji ta. "Na yi ta faɗa ina tambayar wa ya yaga shi."

Na ce ashe jikarki ce ke mini ɓarna, 'ya'yan tarbiyyar da nake yabo.

"Baiwata, tsufa ya zo miki, hankali bai biyo shi ba. Zauna."

Na zauna. Ta ce a ƙauyensu tun bara ba sauran zakara, duk an yanka, don cara na nuna inda mutane suke. In aka ji babura aka shiga daji, akuya a ɗaure mata baki, jariri a danna masa nono ko ba ya so, mai tari ya cusa zane a baki. Manya na fama da kaya da goyo, saboda haka aikin yara ne su bi duk abin da ke iya ƙara su toshe shi: ƙararrawar wuyan maraƙi, murfin tukunya, awarwaron hannu. Yaron da ya iya wannan shi ake yabo.

"Sun zo sun tarar da tsohuwa mai kirki, mai ba su labari, ga ta da kwali guda na abin da zai sa a kashe ta, kuma ba ta da wayon ɓoyewa. Mi kike so su yi? Taimakonki suka yi."

Na ɗauki ƙyallen na juya. An naɗe shi tsaf, yadda zai shiga bai fasa robar ba. Aikin mai hankali. Na tambaye ta, to yaran nan ba sa ƙara ke nan har abada? Ta ce suna yi mana, ranar ruwa. In ruwa ya sauka da ƙarfi rafuka sun cika, babur ba ya ƙetarewa, kuma ko ihu kika yi ba mai ji daga nesa. Ranar mata ke daka, masu kuka su yi kukansu, yara su yi ta tsalle suna ihu har ya ɗauke. Ta ce su a can ranar ruwa ita ce sallarsu.

Na ce to bari in je in zare duka. Ta ce in na zare za su mayar, kuma su ƙara jin tsoro a kaina, in bari wanda ya toshe ya buɗe da hannunsa. Haka na mai da ƙyallen cikin maƙogwaron kazar, Kande na gyara mini, tana cewa toshe baki ban taɓa iyawa ba, ba mamaki.

Kun ga inda aka tsaya. Ruwan da zai buɗe bakin yaran shi ne ruwan da zai rufe ɗakin. Ga wani abin kuma: silin laburare ya daɗe da zubowa, kwano ne tsirara a kanmu. Shekara da shekaru in ana ruwa ba na ba da labari, don ba na yarda a yi gasa da muryata. Yanzu ni ce na koma kallon gabas kamar manomi, ina roƙon Allah ya kawo shi da hantsi, kada ya zo mutane na barci a wayi gari bencina sun riga ni shiga.

Allah ya karɓa. Wata safiya rana ta ɗan ɗaga, gabas ta yi baƙi, iska ta fara kwasar ledoji. Malama ta bi azuzuwa a guje tana kiran yara. Kande ta biyo su, ta ce ta zo ganin yadda baiwarta za ta ji kunya. Na raba kaya, kowa na ba shi wanda ya saba riƙewa, don shi ya san abin da ya cusa. Na lalubi fatar ido na samu guda, na tsige, na hure. Ɗigon farko ya bugi kwano kamar an jefa tsakuwa. Kafin in gama buɗe labari sama ta ɓalle.

Ni kaina ban ji muryata ba. Na ci gaba da baki da hannu, labarin wata kaza da ta je bikin saniya. Da na iso wurin kaza na nuna Lami. Ta dubi rufi. Ta dubi ƙofa. Ta dubi kakarta, Kande ta ɗaga mata haɓa. Yarinyar ta sa yatsu a bakin kazar ta jawo ƙyallen, ta ɗaura shi a wuyan hannu, ta matsa. Ban ji kukan ba, a fuskarta na gan shi. Na kusa da ita ya fara ƙwaƙule laka daga usur da tsinke. Mai caki ya zare auduga. Mai saniya ta sa farce ta kankare ƙaron da ta liƙe ramukan da shi. Can sai ɗaki ya ɗauka, ana busa, ana girgiza, ana buga ƙafa, bakuna a buɗe, ba wanda ke jiran in nuna shi. Duk dokokin da na faɗa muku a baya, ranar ba wadda ta rayu.

Ni kuwa da na tabbata ba mai jina, na bar labarin kaza. Na lissafa kayan miyar kuka. Na faɗi ra'ayina game da masu ƙera roba. Na juya na zage Kande tas, tun daga gyaɗar da take sace mini muna yara, tana gyaɗa kai tana murmushi. A duk shekarun da na yi ina sana'ar nan ban taɓa samun masu sauraro irin na ranar ba, kuma ba wanda ya ji kalma ɗaya.

Ruwan farko kun san halinsa, ba ya sallama. Ɗif ya ɗauke. Sai ga ihun kaza tsirara a cikin ɗaki, da usur, da caki. Nan take kowa ya daskare. Wasu suka kwanta rub da ciki, wasu suka shige ƙarƙashin tebur, manya suka toshe bakin ƙanana da tafin hannu. Amma mai saniya ta riga ta kife gwangwani. Na gaya muku in ya fara ba a tsayar da shi. Ya yi tunaninsa, sannan cikin shirun nan ya saki kuka mai tsawo, har ƙarshe, yarinyar na danne shi a cikinta.

Sai muka ji tafiya a waje, ƙafafu da yawa cikin ruwa, da sauri, suna nufo mu. Aka turo ƙofa.

Hedimasta ne, wando a naɗe har gwiwa, jiƙe sharkaf, benci a ka, maigadi da masinja a bayansa kowa da nasa. Ya tsaya a bakin ƙofa. Ya dubi yaran da ke ƙasa, ya dubi kayan da ke hannunsu, ya dube ni. Ban san abin da ya gane ba, ban kuma taɓa tambayarsa ba. Ya sauke bencin a hankali, ya ɗora hannu a goshi, ya yi magana da muryarsa ta kullum, ta mai ciwon kai.

"Don Allah Inna Tasalla, wace irin hayaniya ce wannan? Mutane na aiki."

Na ce a yi haƙuri, ranka ya daɗe.

Lami ta ɗago kai daga ƙasa ta matsa jikin kakarta. Raɗa ta yi, amma ɗakin shiru ne, kowa ya ji.

"Kaka, shi ke nan?"

"Shi ke nan," in ji Kande. "Nan garin in kun yi ƙara, wannan ne ke zuwa. Kin gan shi, ko sanda ba shi da ita."

Yarinyar ta tashi zaune. Ta dubi Hedimasta ido cikin ido, ta ɗaga kazar, ta matsa a hankali, don ta gani. Kazar ta yi ihunta na rashin kunya. Hedimasta ya runtse ido kamar an soka masa allura. Wani daga ƙarƙashin tebur ya yi dariya, dariya ta gaske, mai sauti, ba ruwa a sama.

Hedimasta ya juya ya ce wa maigadi su kai bencinan ofishinsa. Aka cika ofishin har rufi. Daminar nan duka a baranda ya yi aiki, da teburinsa, da leda a kan takardu, kuma duk wanda ya zo wucewa sai ya gaya masa tsohuwar nan ce ta kore shi daga ofis.

Ba zan ce muku daga ranar komai ya gyaru ba. Wasu yaran sun daɗe suna mai da abin toshiyarsu in an tashi, ni kuma ban hana ba. Da safe su zare, in za su tafi su mayar. A hankali aka fara mantawa. Bayan kaka wasu suka koma gida, wasu suka wuce Katsina, wasu har yau suna garin nan. Kande na cikin waɗanda suka zauna, kuma duk gidan suna ko biki da muka haɗu sai ta ba da labari cewa tatsuniyar baiwarta da ta fi daɗi ita ce wadda ba a ji ba. Ba na musu, amma ina ramawa ta wani wajen.

Saboda haka ke mai tabarau, kafin ki raba kaya kullum ki leƙa bakin kowanne. In kin tarar da tsumma a ciki kada ki yi faɗa, kada ki jefar, ki duba zanen wa ya yage. Gobe kuma ke za ki riƙe kazar, a nan dab da ƙafata, daga farkon labari, ba matsawa sai na nuna ki. Ki zo da gashin idonki. Nawa ya ƙare.